Tantabarun Inna a Bangon Maraɗi

Da sunan Allah nake farawa. Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Mai zuwa aron turmi sai ta zauna, mai zuwa ɗiban wuta sai garwashin ya mutu mata a kasko, kuma tambayar kowa ɗaya ce: "Iya Abu, wai da gaske ne an kai ki ƙasar Faransi kin koya wa maza gini?" Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji, labarin kuma ya fara yin rassa a bakin mutane, don a kasuwar Malumfashi har an ce jirgin sama na hau. Shi ya sa na kira Malama Saratu, 'yar maƙwabcinmu mai koyarwa a makarantar mishan, na ce ta zauna da alƙalaminta. Ni ban san baƙi ba. Abin da na faɗa shi za ta rubuta, in ta ƙara gishiri ita da Allah.

Tushen abin faifai ne. Ni mai saƙar faifai ce tun ban isa ɗaukar tulu ba, a hannun Inna mahaifiyata na koya, Allah ya kai haske kabarinta. Akwai wani ado da take yi, a gidanmu muna ce masa tashin tantabaru. Tsuntsaye takwas ne na jar kaba, suna fitowa ƙanana daga cibiyar faifai, suna girma suna karkata dama har su kai baki, kamar an jefa musu tsakuwa sun tashi tare. Ranar da autana Isuhu zai tafi Zariya karatun zanen gine-gine, irinsa na saƙa masa don ya riƙa rufe abinci. Ashe ko sau ɗaya bai rufe tuwo da shi ba. A bango ya rataye shi yana kallo.

Da ya gama karatu sai wani Alhaji ɗan kwangila ya ɗauke shi aiki a Maraɗi, inda za a gina wa manoma zauren taro. Isuhu ya zana zauren kamar rumbu, gindi a tsuke, yana hawa yana buɗewa. Maimakon taga kuma ya ce a riƙa barin kafofi tsakanin jan bulo, kafofin su fitar da tantabarun nan takwas, iska ta shiga, haske ya shiga. Manya suka ga takarda suka yarda. Aikinsa na farko ke nan a duniya.

Ana tsakiyar cirar auduga sai ga shi ya faɗo gida ba sanarwa, ya rame, wuya duk ya fito. Ko furar da na dama masa bai shanye ba ya ce, "Iya, tantabarunki sun ƙi haɗuwa."

Na ce, "Waɗanne tantabaru kuma, Auta?"

Ya kwashe duka ya faɗa mini. Bango ya kai ƙirji. Ta gaba gwanin kyau, amma ta baya, inda zagaye ke komawa ya tarar da mafarinsa, abin ya watse: tantabara ɗaya ba kai, sai wani giɓi, kuma duk sahun bulon da aka ɗora sai giɓin ya ƙara faɗi. Babban injiniyan gwamnati ya zo ya gani, ya ce zai dawo Juma'a ta sama. In ya tarar da shi haka, za a toshe kafofin duka a shafe da siminti, Alhaji kuma ya nemi wani mai zanen.

"Iya, yaya kike yi naki ke haɗuwa? Nawa kike ƙarawa a kowane zagaye?"

Na ce, "Ƙari? Ni ban san ina ƙara komai ba. Hannu ne ke yi."

Wallahi gaskiyata na faɗa masa. Ya dafe kai. Na dube shi, na tuna gonar da marigayi ubansa ya hana kansa hutu a kanta don yaron nan ya yi karatu, sai na ce, "Daga nan ba zan iya gyara abin da ban gani ba. Tashi ka kai ni."

Na ɗaure dammai biyu na kaba, fara da wadda na rina da karan dafi, na soke basillata a ɗankwali, na ƙulla daddawa da kuka, don an ce mini mutanen can ba su san miya ba. Da sassafe akori-kura ta kai mu Malumfashi, daga nan muka shiga bas ta Katsina. Yaran mota suka ɗaure kabata a sama, kusa da wani bunsuru. Na ce a raba su. Direba ya ce, "Haba Iya, an ɗaure masa ƙafafu." An ɗaure ƙafafu kam, amma ba wanda ya tuna da baki.

A Kankiya aka tsaya shan ruwa, na ɗaga kai, sai na ga bunsuru yana leƙo ni, gemunsa jawur kamar na dattijon da ya sha lalle. Ya cinye kusan rabin jar kabar. Na yi salati na ce na shiga uku. Mai bunsurun kuwa, maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya hau faɗa wai na ba dabbarsa guba. Na ce, "Malam, ni na hau saman mota na ba shi a baki?" Mota ta kwashe da dariya, har shi ma ya dara, ya sayo mini rake. Na sha raken, amma zuciyata tana kan kabar. Ina ta tunanin da me zan nuna wa mutane aikin in abin bai isa ba.

Katsina ban ga komai ba sai tasha da ganuwa, muka canza mota muka nufi Jibiya. Ni a zatona iyakar ƙasa wani babban bango ne, ko kogi. Ashe gora ce guda ɗaya aka gitta a kan durom biyu. Karan geron da ke wannan gefe shi ne a wancan, kaji ma suna wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarsu takarda. Mu dai aka tambaye mu. Wani jandarma, wato ɗan sandan can, mai hula kamar an kife tukunya, ya riƙe takardar da Isuhu ya yi mini ya ce, "Tsohuwa, shekarunki nawa?"

Na ce, "Shekarar da fara ta cinye dawa ina goye."

Ya ce, "Wace farar? Ai ta zo ba sau ɗaya ba."

Na ce, "Babbar."

Ya rubuta abin da ya ga dama. Sai ya taɓa dammaina da sandarsa ya ce a kwance. Da ya ga abin da ke ciki sai ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira: "Ku taho ku gani! Kaba ta kawo muna!" Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban gane ba sai da mota ta ɗaga. Daga nan har Maraɗi goruba ce hagu da dama, ga jakuna ɗauke da kaba suna nufar inda muka fito. Ashe duk kabar da nake saye a kasuwarmu shekara da shekaru daga wajensu take zuwa. Na mayar da ita gida ne kawai, ta gaida dangi. Nan na yafe wa bunsuru.

Da la'asar muka sauka a gidan Hajiya Zali, wadda Isuhu ke haya a wajenta, mace mai jiki da murya. Ta rungume ni kamar ta san ni, ta ce, "Maraba da mutanen Katsina! Ku kun san mu ne Katsinawan asali? Mun fito ne muka bar ku jiran gida." Na ce, "To Hajiya, gida na nan lafiya, sai dai masu jira sun saba da ɗakunan." Tun daga nan muka ƙulla. Hausarsu Hausa ce, sai dai "mi" a wurin "me", "awo" a wurin "i", kwana biyu kunnena ya saba. Kukar da na kai ta tarar da wadda ta fi ta. Amma da na kwance daddawa sai Hajiya ta shinshina ta rufe ido, don tasu ta 'ya'yan yakuwa ce, ta kalwa sai an yi sa'a. Ta kai ta ɗaki ta sa a kwalla ta rufe.

Abubuwan mamakinsu da yawa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kuma tsirara ake ɗaukarsa a hammata, ba takarda ba komai. Ɓawonsa ya kusa tafiya da sauran haƙorana, sai da Hajiya ta nuna mini a kofi da madara ake tsoma shi. Furarsu ruwa-ruwa ce, ana shanta tun safe har yamma. In rana ta take kuma sai gari ya mutu, kanti a rufe, ofis a rufe, gwamnati kanta ta tafi ta kwanta. Na ce a Funtuwa in mutum ya rufe kanti da azahar zuwa za a yi a tambaye shi wa ya rasu.

Washegari Isuhu ya kai ni wurin ginin. Sarkin maginan wani dattijo ne, Baba Nomau, gajere, hannuwansa kamar itace. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Isuhu, wanda suke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, "Mushe, wagga ce gwanar da ka ce za ka ɗauko? Na ɗauka Bature ne. Shekara arba'in ina gini, yau mai faifai za ta gwada mini?"

Na ce, "Sarki, shekara arba'in ɗin nan da me ake rufe maka tuwo?"

Leburori suka ƙyalƙyale. Ya ce, "Kai, tsohuwar ga da baki take."

Na zagaya bangon a hankali. Ta gaba sai da gabana ya faɗi, don tantabarun Inna ne sak, kowace za ta fi ni girma in an ƙarasa ta. Ta baya kuwa sai na ji kunya kamar ni na yi ɓarnar. Na shiga ciki na duba ƙasa na ce, "Ina cibiyar?"

Suka dubi juna. Baba Nomau ya ce turken da suka kafa a tsakiya ai na fitar da harsashi ne, tun da aka gama aka cire shi. Yanzu yashi ne jibge a wurin. Na ce a kwashe. Aka kwashe, aka sami ramin turken, na shimfiɗa tabarma a kansa na zauna, na jiƙa kaba na fara sabon faifai. Ban san abin da zan faɗa musu ba. Na dai san a nan ya kamata in zauna.

Isuhu ya tsuguna a gabana da littafi. Ina saƙa yana kallo, har rana ta yi tsaka. Can sai ya ce, "Tsaya, Iya! Nan kin ƙara."

"Ban ƙara ba."

"Kin ƙara ɗaya, a bayan wutsiyar."

"Auta, ni da hannuna?"

"Ci gaba ki gani."

Na ci gaba. Da na iso tantabara ta biyu ya sake cewa in tsaya. Ta uku ma haka. Sai na rage sauri na sa wa hannuna ido kamar hannun wata. Ikon Allah! Shekara fiye da hamsin ina wannan aiki ban taɓa sanin abin da nake yi ba. Ashe kafin kowace suka sai na juya bakin basilla ya dubi cibiya. In na ga tsakanin tantabara da 'yar'uwarta ya buɗe har faɗin kaba ɗaya zai shiga, sai in ƙara ɗaya a bayan wutsiya. Kuma in na ƙara wa ɗaya sai na ƙara wa duka takwas, ba wadda ake bari. Su kuwa magina adadin da ke takarda suke bi sahu bayan sahu, bango yana buɗewa, duk rarar da ta samu sai su tura ta gaba, su tura ta gaba, har ta je ta taru a baya.

Isuhu bai gama rubutawa ba sai na ji murya a kaina. Ashe Baba Nomau ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Watanda ce! Wallahi watanda ce! An yanka sa, maimakon a kasa nama kashi takwas, mu mun jibge shi gaban mutum guda." Ya juya ya daka wa mutanensa tsawa. Aka kafa dogon ƙarfe a cibiya, aka ɗaura masa igiya takwas aka ja su zuwa bango, kowane magini aka ba shi tantabara ɗaya tsakanin igiya da igiya. Duk sahun da aka gama sai a gusa igiyoyin dama da faɗin bulo ɗaya. In kafa ta buɗe har bulo zai shiga, sai a ƙara, kuma kowa ya ƙara a tasa. Ba takarda, ba yankan bulo.

Sai dai dole a rushe abin da aka gina har zuwa gwiwa, ga shi kwana tara suka rage. Ana cikin rushewa motar Alhaji ta tsaya. Ya fito ya ga bangonsa a ƙasa, ya dubi Isuhu, idanunsa suka kaɗa.  Na ce a raina, shi ke nan, na zo na ƙarasa shi. Sai Baba Nomau ya ajiye cokalin gininsa ya matso ya ce, "Alhaji, ni na ce a rushe. In bai haɗu ba ranar Juma'a, ni za ka kora kafin yaro." Alhaji ya dube shi, sannan ya shiga mota ya tafi.

Kwanakin nan tara ban taɓa ganin aiki irinsu ba. Har barcin ranarsu suka yafe. Ni ina zaune a gindin ƙarfe ina saƙata, in igiya ta saki in ce, "Kai mai jar hula, tantabararka ta daina kallon gida!" Matan unguwa suka ji labari suka fara zuwa, su tsaya daga nesa da tuluna a kai suna gyara wa maza: "Waccan wutsiyar ta yi tsawo!" Magina su ce, "Ku tafi ku yi daka!" amma sai ka ga sun gyara.

Rana ta huɗu Baba Nomau ya zo yana dariya shi kaɗai. Ya ce, "Iya Abu, kin ja mini magana. Jiya an kawo mini tuwo, na ɗauki faifan na tsaya ina kallo har tuwo ya huce. Mai ɗakina ta aika a kira ƙanena wai ba ni da lafiya. Na ce mata, ke kika saƙa wannan? Ta ce, a'a, aljanu ne ke kawo maka tun aurenmu."

Ranar Alhamis da la'asar bango ya wuce kan mutum, aka zo rufe sahun ƙarshe na wannan zango. Bulo ɗaya ya rage, wuri ɗaya ya rage. Kowa ya ajiye abin hannunsa. Baba Nomau ya shafa siminti, ya ce bismillahi, ya saka. Ya zauna daram, ba a sare shi ba, ba a cusa komai ba. Matan nan suka rangaɗa guɗa, Hajiya Zali a gaba. Na nemi Isuhu ban gan shi ba, ashe ya zagaya bayan tarin yashi yana share ido.

Da hantsin Juma'a babban injiniya ya iso, dogo, da tabarau, Alhaji na biye. Kai tsaye ya nufi baya inda ya bar giɓi. Bai same shi ba. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa, sannan ya yi magana da Faransanci, aka fassara mini: wai a nuna masa inda aka fara. Magina suka duba, su da suka gina, ba wanda ya iya nunawa. Ya ce to a ba shi lissafin da aka bi. Isuhu ya zo ya karɓi faifan da na gama a hannuna ya miƙa masa. Mutumin ya juya shi gaba da baya, ya dubi bango, ya dube ni. Sai ya rusuna ya ce da Hausa, "Sannu da aiki, Inna." Ya ce a ci gaba har sama, kada a toshe ko kafa ɗaya. Alhaji ya dafa kafaɗar Isuhu ya ce akwai wani ginin a garin Tasawa, su yi magana bayan masallaci.

Da suka fita na koma ciki ni kaɗai. Rana ta shigo ta kafofin gabas, sai ga tantabaru na haske kwance a ƙasa, manya-manya, suna matsawa a hankali yadda rana ke hawa. Na zauna a cibiya. Inna ta rasu ba ta taɓa wuce Bakori ba, ga shi ina zaune a tsakiyar faifanta a wata ƙasa, kuma an ce mutum ɗari za su zauna a ciki. Na yi mata addu'a, na yi dariya, na share hawaye, na tashi.

Ranar dawowa Hajiya ta cika ni da dogon burodi, Baba Nomau ya ba ni jan bulo guda, ga shi can ina tokare ƙofa da shi, mai ɗakinsa kuma ta aiko mini da dammai uku na kaba mai laushi. A iyaka jandarman nan ya gane ni, ya taɓa kayan da sanda ya ce, "Yauwa tsohuwa, yanzu kika san inda kaba ke nufa." Na sa aka ɗora mini ita a cinya har Malumfashi, ban yarda da saman mota ba.

To, ku masu tambaya, wannan shi ne abin da ya faru, ba jirgi ba Bature. Saura tambaya ɗaya da Malama Saratu ta yi mini yanzu, wai ko an rubuta sunana a jikin ginin. Ba a rubuta ba, 'yata, ko an rubuta ma wa zai karanta mini? Amma Isuhu ya aiko cewa tun da aka buɗe zauren, in mata suka shiga ba sa neman wurin zama sai sun fara tsayawa a tsakiya sun ƙirga tsuntsayen, kuma har yau ba wadda ta ce a kwance a sake. Ajiye alƙalamin haka nan, kabata ta jiƙu.